Darasi: Yadda Ake Haɗa Fitilar Akwatin Kifi a Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga otal, ko ɗakin jiran likita, ko falon wasu gidaje a Legas da Ibadan da Fatakwal, ya taɓa ganin akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye masu launi suna ta kai da komowa a cikinsa. Kifin ne ke fara ɗaukar ido, amma abin da ya fito da kyansa shi ne fitilar da ke ɓoye a ƙarƙashin murfi. Fitilar da ake shigowa da ita daga waje musamman don wannan aiki tana da tsada, kuma in ta lalace da wuya a sami mai gyara. Alhali mutum na iya haɗa tasa da kayan da ake samu a shagon masu sayar da kayan lantarki. A wannan darasi za mu ɗauki akwati ɗaya, mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, mu haɗa masa fitila tun daga lissafi har kunnawa. Sai mai karatu ya riƙe tun yanzu cewa aikin nan na awo ne. Haske kaɗan yana kashe tsiro, haske mai yawa yana lalata ruwa, waya ɗaya da aka bari a sake kusa da ruwa kuwa tana iya kashe mutum.

Wa ke bukatar hasken?

Masu fara kiwo da yawa suna zaton don kifi ake sa fitila. Gaskiyar magana ita ce kifi ba ya bukatar haske mai yawa, hasken ɗaki ma ya ishe shi ya ga abincinsa. Abin da yake bukata shi ne ya bambance dare da rana. Yawancin kifaye ba su da fatar ido da za su rufe, saboda haka in an bar musu fitila a kunne har gari ya waye, an hana su hutu ke nan. Wasu ma duhu suka fi so. Ƙurungu da tarwaɗa sun fi walwala da dare. Akwai kuma wani kifi na yankin kogin Kwara da masu wannan kiwo a Turai suke matuƙar so, mai dogon leɓe kamar haurin giwa ko hancinta, wanda masana ke kira Gnathonemus petersii. Shi wannan wata 'yar wutar lantarki yake fitarwa daga wajen wutsiyarsa yana lalube da ita a cikin ruwa mai duhu, kuma in haske ya yi masa yawa sai ya shige lungu ya ƙi fitowa.

Mai bukatar haske na gaske shi ne tsiro. Koren sinadarin da ke cikin ganye, wato kulorofil, yana amfani da haske ya haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid ya samar wa tsiro abinci, sannan ya saki iskar oksijin, wadda kifi ke shaƙa. A kan wannan alaƙa aka gina kiwon kifi a akwati tun farkonsa. A shekarar 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton yadda ya ajiye jajayen kifayen ado biyu tare da wata ciyawar ruwa mai suna Vallisneria a mazubi ɗaya na tsawon lokaci ba tare da ya sauya ruwan ba. Matsalar da ya fara cin karo da ita ita ce wadda har yau take damun kowa: ruwan ya yi kore, ya yi yauƙi, har sai da ya zuba dodon koɗi ya cinye dattin. Wannan koren abu shi ne gansakuka, irin wadda ake gani a jikin randa ko bakin rijiya. Ita ma da haske take rayuwa, kuma ta fi tsiro saurin yaɗuwa. Duk hasken da ya wuce abin da tsironka zai iya amfani da shi, gansakuka ka ciyar.

Shi ya sa ba a ajiye akwatin kifi a bakin taga don a huta da sayen fitila. Ranar ƙasarmu ta fi ƙarfin ɗan akwati, kuma ba ta da makunni.

Wane irin ƙwai?

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki bai dace ba ko kaɗan. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ba haske ba. Kifayen ƙasashe masu zafi sun fi jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 27, ɗakunanmu kuwa a watannin Maris da Afrilu sukan wuce haka ko ba fitila. Kuma ruwa in ya ɗumama oksijin ɗinsa raguwa yake yi: a digiri 20 lita ɗaya tana iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi. Wanda ya ɗora ƙwai mai wat 60 a kan ƙaramin akwati, kada ya yi mamaki in ya ga kifinsa ya taso sama yana haki.

Doguwar farar fitilar nan ta ofis da aji ita aka daɗe ana amfani da ita, kuma tana aiki. Aibinta biyu ne. Wutar bango take ci kai tsaye, ga shi za ta zauna daf da ruwa. Sannan akwai zaiba a cikinta, in ta fashe a cikin akwati an gama da ruwan da abin da ke ciki.

Abin da za mu yi amfani da shi shi ne fitilar LED. Nick Holonyak ne ya haɗa irin wannan fitila mai jan haske a Amurka a 1962, amma an daɗe ba a sami mai shuɗin haske mai ƙarfi ba, sai a farkon shekarun 1990, ta hannun wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a kan wannan aiki a 2014. Farar LED da ke cikin tocila da fitilar caji a yau asalinta shuɗiya ce, an shafa mata wani rawayan sinadari ne a sama, haɗuwar shuɗi da rawaya ta ba da fari. In ka duba ƙwayarta a kashe za ka ga rawayan ɗigon. Wannan ya yi wa mai akwatin kifi daidai, domin kulorofil ya fi shan shuɗin haske da ja.

Ana sayar da ita a naɗe kamar tef, yawanci mita 5 a faifai ɗaya, bayanta da gam. A wannan darasi za mu riƙa kiranta zirin fitila. Ana samunta a kasuwar Alaba ta Legas da sauran manyan kasuwannin kayan lantarki, kuma wasu masu shago sukan yanka wa mutum mita ɗaya ko biyu. Babbar falalarta ita ce bolt 12 kawai take ci, kamar batirin mota, ba bolt 230 na bango ba. A kula, akwai wata mai kama da ita, mai kauri kamar igiya, wadda ake jona wa wutar bango kai tsaye ana yi wa shaguna da wuraren biki ado. Wannan ba ta aikinmu ba ce.

Launi da ƙarfi

Abu uku ake dubawa a jikin kwali: bolt, kelbin da lumen. Mun gama da bolt. Kelbin ma'aunin launin haske ne, ana rubuta shi da harafin K. Mai 2700 zuwa 3000 rawaya-rawaya ne kamar na fitilar ƙwai, yana sa ruwa ya yi kamar an jiƙa shayi. Mai 6500 fari ne tas kamar hasken hantsi, shi ne zaɓinmu. Mai 10,000 zuwa sama ya karkata ga shuɗi, na masu kiwon halittun ruwan teku ne. Zirin nan mai sauya launi, ja ya koma kore ya koma shuɗi, a bar wa masu adon biki. Ba ya amfanin tsiro, kifi kuwa firgita shi yake yi.

Lumen shi ne yawan hasken da fitila ke bayarwa. Ƙa'idar da masu wannan kiwo ke bi ita ce: tsiro mai son inuwa a ba shi lumen 10 zuwa 20 ga kowace litar ruwa, matsakaici 20 zuwa 40, mai tsananin son haske fiye da 40. Ƙiyasi ne, domin da idon mutum aka auna lumen ba da ganye ba, amma ya ishi mai farawa. Shawarata ita ce ɗalibi ya tsaya a matakin farko. Tsirran mataki na uku suna bukatar taki da ƙarin iskar kabon da ake hura musu daga tulun ƙarfe, in babu waɗannan kuwa hasken mai ƙarfi gansakuka kawai zai haifar.

Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin tsirran da suka fi shahara a akwatunan kifi na duniya ɗan yankinmu ne. Sunansa Anubias barteri, yana fitowa a bakin ƙoramun kurmi a kudancin Nijeriya da Kamaru, manne da duwatsu da itatuwa, a inuwar manyan bishiyoyi. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai wanda ya bi ayarin Likita William Baikie zuwa kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba a 1859. Wannan Baikie shi ne dai wanda masu nazarin tarihin rubutun Hausa suka san sunansa. Tsiron da ya saba da inuwar kurmi ba ya bukatar fitila mai ƙarfi. Ganyensa kauri gare shi, a hankali yake girma, kuma in haske ya yi yawa nan da nan gansakuka take rufe shi. Ba a binne kaurin saiwarsa a tsakuwa, ɗaure shi ake yi da zare a jikin dutse ko itace har ya kama.

Lissafi

Tsawo sau faɗi sau tsayi: 60 sau 30 sau 30 ya ba da 54,000. A raba da 1,000, an sami lita 54. In muka ba kowace lita lumen 15 zuwa 20, muna neman lumen 800 zuwa 1,100.

Zirin da aka fi samu shi ne mai lamba 5050, mai ƙwaya 60 a kowace mita. Mita ɗaya tana cin wat 14.4, tana ba da lumen wajen 800 zuwa 1,000, gwargwadon ingancinta. Layi biyu, kowane santimita 55, sun zama mita 1.1, wato wajen lumen 1,000. Daidai bukatarmu.

Saura adafta, wato abin da zai sauko da wutar bango zuwa bolt 12. Mita 1.1 sau 14.4 ya ba da kusan wat 16. A raba wat da bolt a sami amfiya: 16 a raba da 12 ya ba da 1.3. Ba a sayen adafta mai ƙarfi daidai wa daida da kayan da zai ɗauka, domin zai riƙa zafi ya mutu da wuri. Sai a nemi mai bolt 12, amfiya 2. Amfiya in ta ɗara bukata ba komai, fitilar abin da take so kawai za ta ja. Bolt ne ba a yarda ya ɗara ba. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yawanci bolt 19 take bayarwa, ko da bakinta ya shiga, ƙona zirin za ta yi.

Ga mai mita ta kati, wat 16 na awa 8 a kwana 30 bai kai yunit 4 ba. Tsohon ƙwai mai wat 60 zai ci fiye da yunit 14 a wannan lokaci, ga ƙarancin haske, ga zafi.

Haɗawa

A fara da gidan fitilar. Mafi kyau shi ne kwararon alminiyom mai faɗin yatsa biyu ko uku, irin ragowar da ake samu wajen masu haɗa tagogi, a yanka shi tsawon akwati. Dalilin zaɓen alminiyom shi ne LED, ko da ba ta ɗumama ruwa sosai, bayanta yana zafi, kuma zafi ne ke rage mata haske da kwana. Alminiyom yana janye zafin ya watsar. In aka manna ziri a kan katako ko roba kai tsaye, cikin watanni sai a ga hasken ya dusashe, gam ɗin ya saki. Wanda yake son murfi mai kyan gani yana iya tsaga farin bututun ruwa na roba mai inci 4 gida biyu a tsaye, ya ɗaure alminiyom ɗin a cikinsa da ƙusa mai zare, ya huda ƙananan ramuka a sama don iska. Farin cikin bututun zai riƙa mayar da haske ƙasa.

A jikin zirin, bayan kowace ƙwaya uku, wato kowane santimita 5, akwai layi da ɗigon tagulla, wani lokaci har da hoton almakashi. A nan kaɗai ake yankawa. In aka yanka a wani wuri, ƙwayoyin wannan gaɓa ba za su kama ba. Shi ya sa muka zaɓi santimita 55, gaɓa 11 cif. A goge alminiyom ɗin ya bushe, ba ƙura ba maiƙo, a ɓare takardar bayan zirin a manna layi biyu, da ɗan rata tsakaninsu. Gam ɗin da ya zo da shi ba abin dogaro ba ne a wuri mai laima, don haka a ƙara ɗigon silikon a kai da tsakiya da ƙarshe.

A ɗigon tagullar akwai alamar tarawa da ta ɗebewa. Jar waya ta tafi tarawa, baƙa ta tafi ɗebewa, a layin farko da na biyu, sannan a haɗa jajaye wuri ɗaya, baƙaƙe wuri ɗaya, a kai su bakin adafta. Da narkakkiyar dalma ake liƙa wayar. Wanda bai iya ba ya kai wa mai gyaran rediyo ko wayar hannu, aikin minti biyar ne. In aka juya wayoyin, fitilar ba za ta kama ba, sai a mayar da su daidai. A gwada ta a kan tebur, nesa da ruwa, a bar ta awa ɗaya a taɓa alminiyom ɗin. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in hannu ba ya iya daɗewa a kai, ƙarfen ya yi ƙanƙanta, a nemi mai faɗi.

Sai a rufe duk inda tagulla ko dalma ta bayyana da silikon. A nemi wanda aka yi don akwatin kifi, domin na banɗaki yawanci akwai maganin kashe fumfuna a cikinsa, kuma guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe aƙalla kwana ɗaya cur. Game da zirin kansa, wanda aka rubuta wa IP20 tsirara yake, IP65 an lulluɓe samansa yana jure fantsama, IP67 kuwa a cikin riga yake gaba ɗaya. IP65 ya wadatar in akwai murfin gilashi tsakanin fitila da ruwa, kuma ya kamata a sa murfin. Yana tare tururi, yana rage ƙafewar ruwa a lokacin hunturu, yana kuma hana kifi tsalle ya faɗo ƙasa.

Ruwa da wuta

Bolt 12 ba ya jan mutum, amma adafta da soket da fulogi duk wutar bango ce a cikinsu, kuma nan haɗarin yake. Kada a ɗora adafta a kan murfi ko a ajiye shi a ƙasa inda ruwa zai iya kwarara. A kafa soket a bango, sama da inda ruwa zai fantsama. Kowace waya da ta fito daga akwati a bar ta ta sauko ƙasa da soket tukuna, ta yi lanƙwasa kamar ƙugiya, sannan ta hau. In ruwa ya biyo wayar, a gindin lanƙwasar zai ɗiga, ba zai hau ya shiga soket ba. Kafin a sa hannu a ruwa don wanki ko gyara, a zare duk fulogin da ke da alaƙa da akwatin, na fitila da na famfon iska da na matatar ruwa. Kashe makunni kawai bai isa ba, domin a gidajen haya da yawa ba wanda ya san yadda aka ja wayar, ko an sa wayar ƙasa ko ba a sa ba. Adafta mara nauyi, mara suna, mai arha ƙwarai, a guje shi. Arha ba ta ado, kuma shi ne kaɗai shinge tsakanin bolt 230 da ruwan da yara za su tsoma hannu.

Awa nawa?

A ƙasarmu rana takan yi kusan awa 12, amma a ƙoramar kurmi haske mai ƙarfi ba ya kai wa ruwa sai na 'yan awoyin tsakiyar rana. Sabon akwati a fara shi da awa 6, bayan wata ɗaya a kai 8. Abin da ya fi yawan awoyin muhimmanci shi ne tsayayyen lokaci, kullum a kunna a kashe a sa'a ɗaya. Ɗalibin da ke wuni a aji yana iya sa tasa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 10 na dare, don ya ga kifinsa in ya dawo. Kada a kunna ta farat ɗaya cikin duhu, a fara kunna fitilar ɗaki na 'yan mintoci, in ba haka ba kifi yakan zabura ya bugi gilashi.

Akwai agogon da ake sawa tsakanin soket da adafta ya riƙa kunnawa da kashewa da kansa. Iri biyu ne, kuma a nan bambancin yana da muhimmanci. Mai faifai da haƙora yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, in an kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, cikin mako ɗaya sai ka ga yana kunna fitila da tsakar dare. Mai lambobi da ɗan batir a ciki shi ne ke riƙe lokaci.

Tun da fitilar bolt 12 ce, ana iya jona ta da batir. Ƙaramin batir mai ƙarfin amfiya 7 a awa yana ɗauke da wat 84 na awa ɗaya, amma irin wannan batir na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saboda haka awa 2 da rabi zai ba fitilarmu. A sa fis mai amfiya 3 a jar waya daf da batirin. A kuma sani batirin da ke kan caji yakan haura bolt 14, abin da zai sa zirin ya yi zafi, don haka a sa ɗan abin rage haske a tsakani. Amma in wuta ta daɗe ba ta zo ba, kuma batir ɗaya ne, a ba famfon iska. Tsiro yana jure duhun kwana biyu ko uku, kifi kuwa a ruwa mai ɗumi da cunkoso ba ya jure rashin iska na dare ɗaya.

Bayan an kunna, akwatin ne zai faɗi ko lissafin ya yi daidai. In koren gashi ya fara fitowa a ganye, ko ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, haske ya yi yawa: a rage awa ɗaya ko biyu, ko a ɗaga fitilar sama kaɗan, a rage abincin kifi, a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. In tsiro ya yi tsawo ya rame, sabon ganye ya fito ƙarami, haske ya yi kaɗan. Ƙasa-ƙasan datti mai kamar ƙura da ke kama gilashi a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, a goge shi, yakan tafi da kansa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a jira mako biyu a ga sakamako.

Jinga

An ba ka akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 30, tsayi 40, za a shuka Anubias a ciki. Nemo yawan litarsa, da lumen da yake bukata a kan 15 ga kowace lita, da tsawon zirin 5050 da za a saya, da amfiyar adaftan da ya dace. Sannan ka rubuta sakin layi ɗaya da Hausa, kamar kana yi wa mai shago bayanin abin da kake nema da dalilin da ya sa ba ka son wanda ake jona wa wutar bango.